Waɗanne magunguna ne dole in sani kafin in shiga wod?

Rabi_Aboabo:
Assalamu alaikum. Ina aji biyu a makarantar nas a nan Kumasi, bayan hutu za a tura mu wod ɗin manya, ɓangaren jinya da na tiyata. Wani ɗan aji uku ya ba ni takarda cike da sunayen magunguna, sun fi ɗari, ya ce in haddace su duka. Wata kuma ta ce ɓata lokaci ne, wai magani ashirin ne kacal ke yawo a kan tiroli, sauran sai ranar jarrabawa. Yayyena da ke aiki, wa ya fi gaskiya? Da wanne zan fara? Wallahi kaina ya ɗau zafi.

NasHamza_Tafo:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ta biyun ta fi kusa da gaskiya. Ranar da kika fara shiga wod, ki roƙi inchaji ta bar ki ki buɗe tirolin magani ki duba. Abin da za ki tarar ba zai wuce su farasitamol, diklofenak, tiramadol, seftiriyakzon, Flagyl, Augmentin, omefrazol, Lasix, amlodifin ko nifedifin, lisinofiril, metfomin, insulin, Clexane da atesunet ba, sai ruwan ƙari iri-iri. Kowanne ki san aikinsa, abin da za ki duba kafin ki bayar, da abin da za ki sa wa ido bayan kin bayar.

Zulai_Nima:
Daga Ankara, babban birnin Gana, nake leƙowa. Yaya Hamza, a wod na yarda, amma jarrabawar lasisi ta NMC, hukumar nas-nas da ungozomomi, ba ruwanta da tirolinku. Za su iya jefo miki maganin da ba ki taɓa riƙewa da hannu ba. Rabi, kada ki yar da takardar nan. Ki rarraba su dangi-dangi. Na hawan jini masu ƙarewa da "firil" halinsu ɗaya, masu "lol" halinsu ɗaya, masu "difin" haka. In kin san ɗaya sosai, 'yan uwansa ba za su ba ki wuya ba.

AntiMariya_Asawase:
'Yata Rabi, duk wanda ya ce ki haddace ɗari bai faɗa miki cewa a cikin ɗarin nan akwai waɗanda in kin yi kuskure da su mutum zai yi ƙaiƙayi kawai, akwai kuma waɗanda kafin ki ajiye sirinji an rasa shi. Da na biyun ake farawa. Fotasiyam, insulin, mofin da fetidin, hefarin, dijoksin.

Ki ɗauki fotasiyam. 'Yar kwalba ce ƙarama, ruwa fari tas, in kina sauri ko fitila ba ta da haske za ki ɗauka ruwan haɗa allura ne. Ba a taɓa tura shi kai tsaye cikin jijiya, ko waye ya ce ki yi. Yana tsayar da zuciya. Ana zuba shi cikin jakar ruwa, a jujjuya jakar sosai don kada ya taru a ƙasa, ya sauka a hankali, galibi ba ya wuce milimol 10 a awa a jijiyar hannu. Kafin ki rataya, ki ga sakamakon jini, wanda daidai ɗinsa 3.5 zuwa 5 ne, ki kuma leƙa jakar fitsari. Wanda ƙodarsa ba ta fitar da fitsari, fotasiyam taruwa zai yi a jikinsa. Mara lafiya zai ce miki hannun yana zafi, ki duba kanula, ki rage gudu, ki faɗa wa babba. Kada ki ce masa ya yi haƙuri ki wuce.

Rabi_Aboabo:
Anti na gode, na rubuta. To me ya sa ake yawan ba masu shan Lasix fotasiyam?

AntiMariya_Asawase:
Domin Lasix in yana korar ruwa ta fitsari, da fotasiyam yake tafiya. Sai ki ji mutum yana kukan kasala da ɗaurewar ƙafa. In kuma yana shan dijoksin, maganin zuciya, a lokaci guda, nan ne haɗarin yake, don ƙarancin fotasiyam yana sa dijoksin ya zama guba. Kafin dijoksin ki ɗora abin sauraro a ƙirji ki ƙirga bugun zuciya minti ɗaya cur, ba daƙiƙa 15 ki ninka ba. In bai kai 60 ba, ki riƙe maganin ki kira likita. Wanda ya fara tashin zuciya, ya ƙi abinci, ya ce yana ganin abubuwa rawaya-rawaya, kada ki ce maleriya ce. Sannan Lasix da safe ake bayarwa. In kin ba tsoho da dare, zai kwana yana zaryar banɗaki, kuma a nan suke faɗuwa.

Ɗan_Sawaba:
Ni dai na ce ta fara da farasitamol, shi ne mai sauƙi. Giram ɗaya duk bayan awa huɗu, shi ke nan.

Sule_Kemis:
Ɗan Sawaba, yi lissafi. Duk awa huɗu a yini da dare sau shida ke nan, giram 6. Iyakar babba giram 4 ne a awa 24. Ana iya barin awa 4 zuwa 6 tsakani, amma kada ya wuce sau huɗu. In mutum bai kai kilo 50 ba, na jijiya da nauyi ake auna masa, miligiram 15 ga kowane kilo. Hanta yake lalatawa, kuma shiru yake yi, ranar farko mutum yana zaune lafiya lau. Abin da ke damuna a kantin magani shi ne, magungunan mura da na ciwon jiki da yawa akwai farasitamol a cikinsu. Kin ba shi na asibiti, matarsa ta ciro na jaka ta ƙara masa. Rabi, ki riƙa tambayar abin da ke cikin loka da ƙarƙashin matashi.

Ɗan_Sawaba:
To Yaya Sule, an ji. Amma diklofenak fa, shi ai bayan tiyata kowa ana ba shi.

NasHamza_Tafo:
Ba kowa ba. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai asma da irin maganin ke tayar masa, mai shan wafarin na hana jini daskarewa, wanda jiki ya bushe saboda amai da gudawa, duk sai an yi hattara ko a bari. Mutanenmu masu aikin ƙarfi, 'yan dako a Kejetia da makanikai a Suame, da yawa suna shan shi da safe cikin ba komai. In ka ga an kawo mutum da baƙin kashi kamar kwalta, tambaya ta farko ke nan.

UmmuFadil:
Tunda an taɓo maganin ciwo, bari in yi maganar mofin. Ɗalibai suna tsoronsa fiye da kima, har su bar mutum yana murƙususu bayan an yanka cikinsa. Ba tsoro ake so ba, ƙirga ake so. Kafin ki bayar ki ƙirga numfashi, bayan kin bayar ki dawo ki sake. In ya sauka ƙasa da 12 a minti, ki tsaya ki sanar. Ki duba ƙwayar ido, in ta tsuke ƙwarai kuma yana ta gyangyaɗi ba ya farkawa sosai, nalokzon, makarin mofin, ake nema. Shi kuma nalokzon ƙarfinsa yana gushewa kafin na mofin, don haka mutum zai iya farfaɗowa ya yi miki magana, bayan ɗan lokaci ya sake nutsewa. Ba a barin gefen gadonsa. Waɗannan a akwatin kulle suke, nas biyu ke sa hannu a littafi, ɗaliba ba ta ɗauka ita kaɗai.

Zulai_Nima:
Anti Ummu, mu a wod ɗinmu 10 muke amfani da shi ba 12 ba. Mai barci numfashinsa yana iya zama 11 lafiyarsa ƙalau.

UmmuFadil:
Kowane asibiti da ƙa'idarsa, Zulai. Amma littattafan da ake koyar da su 12 suke faɗa, kuma ɗaliba gara ta kira da wuri a yi mata dariya. Na yarda da ke cewa yawan gyangyaɗi ya fi lamba saurin nuna matsala.

Bashir_Yalwa:
Ni ba nas ba ne, sikila gare ni, ƙanwata ce ta sa ni a nan. Ina roƙonku, in mun zo da ciwo mun ce a ba mu allura, ku daina kallonmu kamar 'yan ƙwaya. Akwai daren da na kwana a wani asibiti ina cizon zanen gado, nas tana cewa ai ka san sunan maganin da yawa. Yaya ba zan sani ba, tun ina yaro nake shan wahalar nan?

AntiMariya_Asawase:
Allah ya ƙara sauƙi ɗana, maganarka gaskiya ce. A nan Gana, a Kumasi ne aka fara gwajin sikila ga jarirai a 1995, ƙarƙashin Farfesa Ohene-Frempong, kuma yaran farko yanzu manya ne, su ne ke kwance a wod ɗinmu. Rabi, ki san folik asid da haidiroksiyuriya, ki san cewa mai shan na biyun ana bin ƙwayoyin jininsa da awo. In ciwo ya tashi, ruwa da maganin ciwo a kan lokaci, ba sai ya yi ihu ba. Fetidin kuma in an yi ta maimaita shi yana taruwa a jiki ya jawo jijjiga, shi ya sa likitoci da yawa suka fi son mofin.

Sule_Kemis:
Abin da ya ɓata sunan masu ciwo na gaskiya shi ne tiramadol na bayan fage. Wanda FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Gana, ta amince da shi miligiram 50 da 100 ne. Wanda samari ke sha a lungu 225 ne da makamantansa, ba ta asibiti yake shigowa ba. Iyakar babba 400 a rana, fiye da haka jijjiga ce. In an kwantar da saurayi zai yi tiyata, ki tambaye shi a keɓe, ba a gaban mahaifiyarsa ba. Wanda ya saba da shi, maganin ciwon da aka rubuta ba zai kama shi yadda ya kamata ba, kuma masu sa barci suna bukatar sani.

Rabi_Aboabo:
Kai, abin da yawa. Maganin ƙwayoyin cuta fa? Su ne suka fi yawa a takardata.

NasHamza_Tafo:
Tambaya ɗaya kafin kowanne: wani magani ya taɓa ƙin jininka? Kada ki tsaya a nan, don da yawa za su ce a'a. Ki ce, ka taɓa shan magani jikinka ya yi ruɗu-ruɗu, ko leɓe ya kumbura, ko numfashi ya sarƙe? Augmentin dangin fenisilin ne, mutane suna mantawa. Jentamaisin ƙoda da kunne yake taɓawa, in mutum ya ce kunnensa yana ƙara ko jiri na ɗibarsa ko fitsari ya ragu, ki sanar kafin allura ta gaba. Sifro ba a haɗa shi da madara ko maganin ƙarin jini ko farin maganin gyambon ciki, suna hana shi shiga jiki. Seftiriyakzon kuma kada ya haɗu da ruwan Ringa a igiya ɗaya, akwai kalsiyam a ciki, suna dunƙulewa. A wanke igiyar da ruwan gishiri tukuna.

Hajiya_Alabar:
Flagyl ba a shan giya da shi, har kwana biyu bayan an gama. Na san wani zai ce mu musulmi ba ruwanmu. To waɗannan kwalaben bitas da ake cewa maganin basir da ƙarfin maza, me kuke zato aka jiƙa sassaƙen da shi? Alhaji zai rantse miki bai taɓa kusantar giya ba, kuma gaskiyarsa ne a zuciyarsa, kwalbar tana cikin aljihun babbar riga.

Ɗan_Sawaba:
Hajiya kin tona asiri 😂

Fati_Ayigya:
Ba wanda ya ambaci adirenalin. In kin tura allura mutum ya fara shaƙewa, fuska ta kumbura, jini ya faɗi, ba haidirokotizon ne na farko ba, duk da shi hannu ke fara kaiwa. Ki tsayar da maganin, ki ƙwala kira, adirenalin rabin mil na ɗaya cikin dubu a tsokar cinya ta gefen waje, a maimaita bayan minti 5 in bai lafa ba. Ki san inda tiren gaggawa yake tun ranar farko, ki ga ko kwalbar ba ta ƙare aiki ba. Bayan an natsu a cika shuɗin fom na FDA.

Zulai_Nima:
Atesunet, allurar maleriya mai tsanani, ki koyi haɗa shi da hannunki, don sai kin yi shi ba adadi. Na miligiram 60: ki zuba 'yar kwalbar baikabonet mil 1 da ke cikin kwalin, ki girgiza har garin ya narke ruwan ya washe. In ya ƙi washewa, a zubar. Sannan ki ƙara ruwan gishiri mil 5, ya zama miligiram 10 a kowane mil. Ana ba da miligiram 2.4 ga kowane kilo, a awa 0, 12 da 24. Mai kilo 60 ke nan miligiram 144, wato mil 14.4, kwalba uku za ki fasa. Ba a haɗawa a ajiye wa na gaba. In ya fara iya haɗiya bayan allura ukun nan, sai ya sha na baki na kwana uku cikakke, kuma Coartem da abinci mai ɗan maiƙo ake sha. Ki auna mutum a sikeli, ban da kintace da ido.

Rabi_Aboabo:
Yaya Zulai Allah ya saka. Lissafin ɗigon ruwa ma yana ruɗa ni. Mil 500 a awa 6, ni 21 nake samu, ƙawata tana samun 28.

Fati_Ayigya:
Ke da 15 kika ninka, ita da 20. Yawan ruwa sau adadin ɗigo, a raba da mintuna. 500 sau 20 a raba da 360, ya ba da kusan 28. Igiyar ruwa ta manya galibi 20 ce, ta jini 15, ta yara 60, amma ki juya ledar igiyar, a rubuce yake. Kuma ki dawo ki sake ƙirgawa da agogo, don mara lafiya yana lanƙwasa hannu ruwan zai tsaya, 'yan dubiya kuma wani lokaci su murɗa don ya ƙare da wuri.

AntiMariya_Asawase:
Mu koma kan masu kisa, ba mu yi insulin ba. Actrapid fari ne garau, yana fara aiki cikin kamar rabin awa, shi kaɗai a cikin waɗanda muke da su ake sawa a jijiya. Mixtard mai gauraye ne, a mirgina shi a tafin hannu, ba a girgiza shi da ƙarfi. Da sirinjin insulin kawai ake ja, kuma wata nas ta gani da idonta kafin ki soka.

Abin da littafi ba zai faɗa miki ba shi ne maganar abinci. Marasa lafiyarmu da yawa daga gida ake kawo musu. Kin auna suga ƙarfe shida, kin yi allura, 'yarsa da ke ɗauke da koko da ƙosai tana cikin turoturo a cunkoson Anloga Junction. Kafin ta iso Baba ya jiƙe sharkaf da gumi, hannu na rawa, yana magana ba kan gado. Don haka ki ga kwanon abincin da idonki kafin allura. In suga ya sauka ƙasa da 4 kuma yana cikin hayyacinsa, cokalin shayi uku ko huɗu na suga a ruwa, ki sake aunawa bayan minti 15, sannan ya ci abinci. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, dekstiros ta jijiya. Mai shan atenolol kuma ba lallai zuciyarsa ta yi bugun gargaɗi ba, maganin yana ɓoye alamar.

UmmuFadil:
Ga azumi kuma. Za ki ba Hajiya ƙwayar suga ta Daonil da safe ta karɓa ta gode, ta ɓoye, ko ta sha da sahur ba ta faɗa miki ba. Daonil ya fi metfomin saurin kayar da suga nesa ba kusa ba. Ki tambaya kai tsaye: Mma, kina azumi? Jagorar da likitocin suga suka fitar ta ce a karya in suga ya sauka ƙasa da 3.9 ko ya haura 16.6. Metfomin shi kuma ana dakatar da shi in ƙoda ta yi rauni, ko za a yi hoton da ake tura ruwan rini a jijiya, ko babbar tiyata. Ki duba abin da likita ya rubuta a folda.

Malam_Idi_Akwatialine:
Allah ya yi muku albarka. Allah da kansa ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, ya rama a wasu kwanaki. Huda yatsa don awon suga ba ya karya azumi. In tsoho ya ƙi jin nas, a kira limamin unguwarsu ko ɗansa da yake jin maganarsa. Amma ina da tambaya. Na ji an ce allurar da kuke yi a ciki don hana jini daskarewa daga alade ake samo ta. Haka ne?

Sule_Kemis:
Haka ne Malam. Hefarin da Clexane daga hanjin alade ake tace su. Akwai wasu magungunan da ba daga dabba suke ba, amma suna da tsada, ba ko'ina ake samu ba, kuma ba kowane hali suka dace da shi ba.

Malam_Idi_Akwatialine:
To ƙa'ida sananniya ce a fiƙihu, larura tana halatta abin da aka hana, matuƙar babu madadin da ya dace kuma rai ko lafiya na cikin haɗari. Sai dai in mutum ya tambaya a gaya masa gaskiya.

Ɗan_Sawaba:
Ni da a ce kada a faɗa. Kana faɗa wa tsohuwa alade, ta gama da allurar nan har abada, jini ya daskare mata a ƙafa.

Hajiya_Alabar:
A'a Ɗan Sawaba. Ranar da ta ji a bakin wani, ba allurar kaɗai za ta ƙi ba, har kai. Akwai yadda ake faɗa. Kuma don irin wannan ne ake son 'ya'yan Zango a cikin aikin.

NasHamza_Tafo:
Rabi, yadda ake yin Clexane ɗin: a fatar ciki, nesa da cibiya kamar yatsu uku, ki tattaro fata, ki soka a miƙe. Kumfar iskar da ke cikin sirinjin ba a fitar da ita, kuma ba a murza wurin bayan an zare, tabo yake yi. Ki tambayi lokacin tiyata kafin ki bayar, musamman in allurar ƙashin baya za a yi masa. Ki riƙa kallon dasashi, fitsari, da bandejin ciwo. Makarin hefarin furotamin ne, na wafarin bitamin K, wannan kam sai ya fito a jarrabawa.

Zulai_Nima:
Wafarin ana bin sa da awon INR, wato awon saurin daskarewar jini, yawanci 2 zuwa 3 ake nema. Na ji wata ɗaliba tana ce wa mara lafiya ya daina cin ganye kwata-kwata. Mutumin da tuwo da miyar ayoyo ne abincinsa, me zai ci? Ganye irin su ayoyo, alayyafo da kantomire suna da bitamin K, gaskiya ne, amma abin da ake so kada ya sauya yawan da ya saba ci farat ɗaya. Sannan ya bar asfirin da diklofenak na kanti da jiƙe-jiƙe.

Fati_Ayigya:
Ku bar ni in ba da labarin Maxolon, maganin tsayar da amai. Wata budurwa aka kwantar da amai, aka yi mata allurarsa. Can da yamma wuyanta ya murɗe gefe guda, idanu suka kafe sama, harshe ya fito, tana jin duk abin da ake cewa amma ba ta iya mayarwa. Kafin ka ce me, gwaggonta ta fara tofi, an kira wani a waya ya zo da ruƙiyya, ana shirin a ɗauke ta a kai gida wai mutanen ɓoye ne. Inchaji ta buɗe folda kawai ta ga abin da aka ba ta, likita ya rubuta allurar da ke warware shi, cikin ɗan lokaci yarinya ta dawo daidai tana kuka. Matasa ya fi yi wa haka, musamman mata. Ba mu hana su addu'a ba, amma mun rubuta a folda mun kuma gaya musu sunan maganin don gaba.

Malam_Idi_Akwatialine:
Subhanallah. Wannan ya kamata masu ruƙiyya ma su sani.

Rabi_Aboabo:
To yanzu in na fahimta, in bar takardar ɗarin in bi na Anti Mariya?

Zulai_Nima:
Ban ce ki bari ba fa. Anti tana maganar kada ki kashe mutum, ni ina maganar kada ki faɗi jarrabawa. Ki nemi STG, littafin jagorar ba da magani na Ma'aikatar Lafiya, bugu na 7 na 2017 yana yawo a waya, ki riƙa duba takardarki da shi. Littattafan Amurka da kuke karantawa wasu sunayen daban suke, har farasitamol da salbutamol ba haka suke kiransu ba, kuma ba za su koya miki atesunet yadda muke yin sa ba.

NasHamza_Tafo:
Ni har yanzu ina kan bakata. Haddar da ba ki ga mara lafiya da ita ba, sati biyu ta gudu. Kowace rana ki zaɓi mutum ɗaya, ki kwafe magungunansa, ki koma gida ki binciko dalilin kowanne.

UmmuFadil:
Na hawan jini an tsallake su, kuma rabin wod su ne. Ki auna jini kafin ki bayar, ba bayan ba. Amlodifin yana kumbura ƙafa, mutane su ɗauka ƙoda ce. Lisinofiril busasshen tari yake sawa, za ki ga mutum ya sha maganin tari kwalba-kwalba a banza, likita ya mayar da shi losatan tarin ya tafi. Yana iya kumbura leɓe da harshe, kuma an fi ganin haka a baƙar fata, wannan gaggawa ce. Mai ciki ba ta shan sa. Shi yana tara fotasiyam ne, akasin Lasix. Atenolol a duba bugun zuciya, kuma ba abokin mai asma ba ne.

Sule_Kemis:
Ƙari a kan na Anti Ummu: nifedifin mai sakin kansa a hankali ba a daka shi. Ina ganin ana niƙa wa masu shanyewar ɓarin jiki a zuba ta robar hanci. In an daka, abin da ya kamata ya fita cikin awanni zai fita lokaci guda, jini ya faɗi warwas. Ku aiko a tambaye mu, akwai wanda za a musanya da shi. Haka omefrazol, ƙwayoyin cikin kwanson ba a niƙa su.

Amina_MoshieZongo:
Salamu alaikum, yanzu na shigo, ajinmu ɗaya da Rabi. Wani mara lafiya ya tsorata jiya wai yana fitsarin jini, ashe maganin tarin fuka yake sha. Wanne ne a ciki ke yin haka? Kuma firednisolon da gaske ba a daina shi rana ɗaya?

Fati_Ayigya:
Rifamfisin ne, har hawaye da gumi yana rinawa, a gaya musu tun ranar farko. Yana kuma rage ƙarfin ƙwayar tsarin iyali, matan su sani. Amma ki kalli idonsa, in farin ya yi rawaya wannan hanta ce, ba rini ba. Firednisolon in an daɗe ana sha a hankali ake rage shi, kuma yana tayar da suga. Amina, mutumin naku an tambaye shi ko yana jin ƙafarsa tana dindiris? In eh, maganin tarin fukan na iya jawo haka, a duba ko an rubuta masa bitamin B6.